Famfo Ya Lalace, Asibiti a Rufe: Wa Za Mu Tambaya?

  Uwargida, in tuwo kike tuƙawa ko hula kike ɗinkawa, ci gaba da abinki, kunnenki kawai nake roƙo.

Wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye ta sa ɗiyarta 'yar sakandare ta rubuto mana wasiƙa. Ta ce famfon tuƙa-tuƙan da suke ɗiban ruwa ya lalace yau wata huɗu. Kullum sai yaranta sun je rafi kafin su tafi makaranta, in ba haka ba ta sayi jarka a hannun 'yan garuwa da ɗan ribar ƙuli-ƙulinta. Ɗakin shan maganinsu kuwa sai ranar kasuwa ake buɗe shi. Sai ta yi tambaya ta ce, wai shin wannan aikin wa ne, na hakimi ko na gwamna? Kuma ita da ba ta fita, me za ta iya yi?

'Yar'uwa, kin yi tambaya mai kyau, kuma ba ke kaɗai kika yi wa ba. Amsar tana wurin da ake kira ƙaramar hukuma.

Gwamnati a Nijeriya hawa uku ce. Akwai ta tarayya a Abuja, akwai ta jiha inda gwamna yake, sannan akwai ƙaramar hukuma, wadda ita ce ta fi kusa da ƙofar gidanki. Iyayenmu sun san zamanin En'e, lokacin da sarki da hakimansa ke riƙe da haraji da kotu da 'yan doka. A shekarar 1976 aka yi babban gyara, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Yanzu akwai guda 774. Jihar Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27.

Kowace ƙaramar hukuma tana da shugaba, wanda muka fi sani da ciyaman. An kuma kasa ta mazaɓa-mazaɓa, kowace mazaɓa da kansilanta. To, a nan mutane da yawa ke rikicewa. Mai unguwa da dagaci da hakimi iyayen ƙasa ne. Suna sasanta rigima, suna kai kukan talakawa gaba, maganarsu kuma tana da nauyi, amma baitulmali ba a hannunsu yake ba. Kuɗin aiki yana wajen ciyaman da majalisarsa ta kansiloli. Shi kansila ɗan yankinku ne, wataƙila ma kin san gidan da aka haife shi. Aikinsa ke nan ya tashi a majalisa ya ce, famfon gari kaza ya lalace, a sa shi cikin kasafin kuɗi.

Me doka ta ɗora musu? Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu dalla-dalla. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu. Akwai hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa da kwashe shara. Sannan suna da hannu, tare da gwamnatin jiha, a makarantun firamare da yaƙi da jahilci da harkar gona da kiwon lafiya. Ruwan sha na karkara ma haka yake, aikin haɗin gwiwa ne tsakaninsu da hukumar samar da ruwan karkara ta jiha. Ki duba da kyau, uwargida. Ruwa, awon ciki, riga-kafi, makarantar yara, kwatar da ke tara sauro a bayan katanga: wa waɗannan suka fi shafa in ba ke ba? Maigida ya sa takalmi ya fita. Ke ce za ki wuni da tulu babu ruwa, ke ce za ki kwana zaune da yaro yana zazzaɓi.

Wata za ta ce, ai kullum cewa suke babu kuɗi. To bari ki ji. Duk wata ana raba kuɗin asusun tarayya, irin na man fetur da kwastan da sauransu. A kowace naira ɗari ta wannan asusun, naira ashirin da 'yan kai rabon ƙananan hukumomi ne. Ban da wannan kuma suna karɓar kuɗin rumfa a kasuwa da na tasha. Matsalar da aka daɗe ana kuka da ita ita ce, kuɗin ba ya zuwa musu kai-tsaye. Sai ya biya ta wani asusu na haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha, kafin ya iso an zaftare. A da kuma wasu gwamnonin ba sa yin zaɓe, sai su naɗa kantomomi na riƙo. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, kuma ba a yarda da shugabannin riƙon da ba zaɓarsu aka yi ba. Gaskiya ne bayan hukuncin an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Amma ko ba komai, kin san akwai kason da aka ware da sunan yankinki. In kin tambaya, ba bara kike yi ba.

Game da asibiti kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa wani asusu na musamman domin ƙananan asibitoci, da nufin kowace mazaɓa ta sami aƙalla guda ɗaya mai aiki. Akwai kuma kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda mutanen gari ne a cikinsa, suna sa ido a kan asibitin, ƙa'ida kuma ta ce a sa mata a ciki. Kin san wace ce ke wakiltarku? In ba ki sani ba, tambayi unguwarzoma ko ma'aikaciyar riga-kafin da ke shigowa gida-gida.

Yanzu sai mu zo kan tambaya ta biyu: me mai zaman kulle za ta iya yi? Da yawa, kuma ba sai kin taka ƙofar zaure ba.

Da farko, ki san sunan mazaɓarku da sunan kansilanku. Tambayi maigida ko babban ɗanki.

Na biyu, ku haɗa baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuna haɗuwa a wajen suna da biki da makarantar islamiyya. A cikin hirar anko da adashi, a ɗan ware lokaci a yi maganar famfo. Kukan mace ɗaya ana iya cewa mita ce, na mata arba'in kuwa dole a saurara.

Na uku, a rubuta. Maganar baki iska ce. A samu malamar islamiyya ko wata 'yar makaranta ta rubuta takarda a taƙaice: sunan gari da unguwa, abin da ya lalace, tun yaushe, gida nawa abin ya shafa. A sa kwanan wata, kowacce ta sa hannu ko ta dangwala. Ban da zagi, ban da zargin wani da sata. A yi kwafi uku. Ɗaya a bai wa mai unguwa ya miƙa wa dagaci, ɗaya a kai wa kansila, ɗaya kuma a kai sakatariya, a roƙi a buga hatimin karɓa a kan wadda za a dawo da ita gida. In wata ya wuce shiru, a sake tunatarwa.

Na huɗu, maigida. Shi ne ƙafarki a wannan tafiya. Kada ki tare shi da maganar yana shigowa a gajiye. Bari ya ci ya sha ya huta, sannan ki lissafa masa abin da ake kashewa a ruwa duk mako. In ya ji lissafin, shi da kansa zai ɗaga maganar a ƙofar masallaci.

Sai dai mu ma akwai namu. Sau da yawa abin da ke kashe famfo ɗan ƙaramin abu ne, roba ce ta cinye ko ƙarfe ya kwance. In gari yana da kwamitin famfo, kowane gida yana ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, za a gyara kafin ɓarnar ta girma. Mu kuma hana yara lilo a jikin hannunsa. Babban gyara shi ake kai wa hukuma.

Na ƙarshe, ƙuri'arki. Kakanninmu mata a Arewa ba su sami wannan dama ba. Irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri a kanta. Sai daga 1976 aka fara buɗe mana ƙofa, a 1979 kuma matan Arewa suka shiga babban zaɓen ƙasa. Zaɓen ciyaman da kansila hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, amma da katin nan naki guda ake yi. Idan lokacin ya zo za a aiko mata su shigo har tsakar gida da sabulu da taliya da turmin atamfa. Kafin ki ce komai, ki tambayi 'yar aiken: ina maganar famfonmu, ina maganar asibitinmu? Sabulun nan mako biyu ya ƙare, shi kuwa wanda kika zaɓa shekaru zai yi a kan kujera.

Ke da kika rubuto mana, ki fara da takardar nan a wannan makon, kuma ki sake aiko mana da yadda aka yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai faɗa ba kuwa, babu mai hawa ya gyara.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.