Madabod ta Intanet: Yadda Ake Mayar da Mai Lahani da Yadda Ake Zaɓen Samfuri

Madabod shi ne faffaɗan allon nan da ke kwance a cikin akwatin kwamfutar tebur, wanda sauran sassa duka ke hawa kansa. A jikinsa ake dasa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, a jikinsa ake soke sandunan RAM da katin hoto da ma'ajiyar bayanai, kuma ta siraran layukan tagulla da aka shimfiɗa hawa-hawa a cikinsa ne wuta da saƙonni ke kai-kawo. Idan RAM ya mutu, cikin minti biyu an zare shi an sa wani. Idan kuwa madabod ne ya samu matsala, sai an kwance kwamfutar kaf an sake ɗaura ta. Yana kuma cikin kayan da suka fi jawo ka-ce-na-ce tsakanin mai saye da mai sayarwa idan aka zo batun mayarwa.

Tushen rigimar yana cikin mazaunin furosesa, wanda masu gyara ke kira soket. A da, ƙananan allurai da ke haɗa furosesa da allo a jikin furosesan suke, soket kuwa ramuka ne kawai. A 2004 kamfanin Intel ya juya tsarin da soket ɗinsa na LGA 775, ya mayar da allurai jikin madabod. AMD ya daɗe a kan tsohon tsari a furosesansa na gama-gari, har da soket ɗin AM4 mai ramuka 1,331, kafin shi ma ya bi sahu a 2022 da AM5 mai allurai 1,718. Lambar da ke cikin sunan LGA 1700 na Intel adadin alluransa ce. Duk waɗannan suna cunkushe ne a filin da bai fi kwalin ashana ba, kowace ta fi allurar ɗinki siranta, sun karkata gefe ɗaya kamar ciyawar da iska ta kwantar. Farce ya shafa, ko furosesa ya suɓuce daga yatsu ya faɗa musu, sai biyu ko uku su lanƙwashe. Daga nan kwamfuta na iya ƙin tashi, ko ta tashi amma ta daina ganin rabin RAM ɗinta. Masu ƙera allon galibi suna ɗaukar lanƙwasasshiyar allura a matsayin ɓarnar hannun mai saye, wadda garanti ba ya ɗauka. Shi ya sa sabon madabod ke zuwa da baƙin murfin roba a kan soket, kuma littattafan da ke rakiyarsa kan gargaɗi mai saye ya adana murfin, domin ba a karɓar allon da aka mayar ba tare da shi ba.

Wani abu da ya faru a Amurka a farkon 2022 ya nuna yadda wannan ƙa'ida kan juye a kan mai gaskiya. Tashar Gamers Nexus, wadda ke gwada kayan kwamfuta a YouTube, ta sayi madabod na Gigabyte na kusan dala 500 daga Newegg, babban kantin intanet da ke jihar Kalifoniya. Da kayan ya iso buƙatarsa ta riga ta wuce, sai aka mayar da shi ko buɗe kwalin ba a yi ba. Kantin ya ƙi biyan kuɗin, ya ce an lanƙwasa allurai. Da allon ya sake dawowa hannun masu tashar, sai ga takarda manne a jikinsa mai nuna cewa kantin da kansa ya taɓa aika shi wurin Gigabyte saboda wannan lahanin, ya ƙi biyan kuɗin gyara, ya karɓo shi ya sake sayarwa. Newegg ya ba da haƙuri a bainar jama'a, ya sassauta dokarsa ta mayar da kayan da aka taɓa buɗewa. Amma fa wannan mai saye yana da ɗimbin masu kallo a bayansa. Wanda ba shi da kowa, shaidar da ya tara da hannunsa ce kaɗai gatansa.

Tara shaida yana farawa ne tun ɗan aike bai bar ƙofar gida ba. Kwalin da ya lotsa, ko ya jiƙe, ko aka ga an sake liƙe shi da wani salatif daban, ana ɗaukar hotonsa kafin a sa hannu. Buɗewa kuwa a gaban kyamarar waya ake yi, bidiyo ɗaya ba yankewa, daga takardar adireshi zuwa fito da allon daga ledarsa mai ruwan toka da ke kare shi daga tartsatsin wuta. A nuna lambar siriyal ta jikin kwali da ta jikin allo, a tabbata sun zo ɗaya. Sai a ɗaga murfin soket a haska tocila ta gefe, a kaikaice. Lafiyayyun allurai suna mayar da haske bai-ɗaya, kamar saƙar tabarma. Wadda ta goce kuwa sai ta fito a matsayin ɗigo mai ƙyalli ko baƙin gurbi a tsakiyar layi. Ragowar man sanyaya furosesa a bakin soket, ko sawun ƙusa a kewayen ramukan ɗauri, alama ce ta cewa wani ya riga ya yi amfani da shi. Idan an ga lahani a wannan mataki, kada a yi karambanin miƙe allura da tsinke ko reza. Ƙwararru kan yi hakan su dace, amma wanda ya taɓa ya ba mai sayarwa hujja.

Allon da ya tsallake duban ido ana gwada shi ne a wajen akwatin kwamfuta, a ɗora shi kan kwalinsa, da furosesa da abin sanyaya shi, da sandar RAM ɗaya, da akwatin wuta, da sikirin. Yawancin allunan yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu da ke nuna inda tashin ya tsaya: furosesa, RAM, hoto, ko ma'ajiya. A nan ne ake gano cewa da yawa daga allunan da ake yi wa shelar mutuwa lafiyarsu ƙalau. Wani an manta da wayar wuta mai baki 8 da ke ciyar da furosesa. Wani RAM ne bai zauna daram ba. Allon da ke aiki da RAM nau'in DDR5 yakan ɗauki 'yan mintoci a tashin farko sikirin na baƙi yana daidaita kansa, mai gaggawa sai ya kashe ya ce ya mutu. Furosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F ba ya fitar da hoto sai da katin hoto. Akwai kuma allon da ya girmi furosesan da aka sa masa, wanda ba zai gane shi ba sai an sabunta BIOS, ƙaramar manhajar da ke tashin kwamfuta kafin Windows.

Idan lahanin ya tabbata, hanya biyu ce. Ta farko, mayarwa ga wanda ya sayar, ita ce mafi sauri, amma ƙofarta ba ta daɗewa a buɗe. Amazon kan ba da kwana 30 a kan yawancin kaya, a AliExpress kwana 15 ne na shigar da ƙorafi bayan karɓa, kantunan intanet na Najeriya kuwa galibi mako ɗaya ne zuwa biyu. Duk wata magana da mai sayarwa ta kasance a cikin dandalin da aka yi cinikin. Ɗan kasuwar da ya ce a koma WhatsApp a sasanta, ko ya ce a rufe ƙorafi tukuna zai turo wani, sau da yawa jan lokaci yake har wa'adi ya cika. Hanya ta biyu ita ce garantin kamfanin da ya ƙera, wanda ga madabod yakan kai shekara uku. Ana neman lambar izinin mayarwa da ake kira RMA, a rubuta ta a jikin kwali, a sa murfin soket, a ɗauki hoton allon ciki da bai kafin a rufe, a aika ta hanyar da ake iya bin sawun kaya. Yakan ɗauki makonni, kuma abin da ke dawowa sau da yawa gyararre ne, ba sabo fil ba.

Doka ma tana da ta cewa. A ƙasashen Tarayyar Turai wanda ya saya ta intanet yana da kwana 14 na fasa ciniki ko da babu dalili, da lamunin shekara biyu a kan lahani. A Birtaniya dokar 2015 ta ba da kwana 30 na ƙin kaya mai lahani a karɓi kuɗi cif. A Najeriya dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai lahani ko wanda ya saɓa da abin da aka tallata, kuma rubutun nan na ƙasan rasit da ke cewa ba a mayar da kaya bayan an saya bai isa ya soke wannan haƙƙi ba. Batun ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu, inda aka san mai saye na da zaɓin mayar da haja idan tsohon aibi ya bayyana a jikinta.

Sai dai haƙƙi a takarda daban, isa gare shi daban. Mai saye daga Kano ko Maraɗi da ya yi oda daga Amurka ko Sin ta hannun masu jigila, wa'adinsa na fara ƙirguwa ne daga ranar da kaya ya sauka a ma'ajiyarsu ta can. Kafin ya iso hannunsa kwanakin sun tafi. Kuɗin aika shi baya kan kusanci kuɗin allon kansa, kuɗin kwastan da aka biya ba ya dawowa, garantin kuma sau da yawa a ɗaure yake da yankin da aka sayar da kayan.

Batun samfuri kuwa, kasuwar tana hannun kamfanoni huɗu, dukkansu na Taiwan: Gigabyte da MSI da aka kafa a 1986, ASUS a 1989, sai ASRock da ya fito daga cikin ASUS a 2002. Masu harkar kan yi musu a kansu kamar masu musun ƙwallo, wannan ya rantse da ASUS, wancan ya ce tun da Gigabyte ya taɓa mutu masa ya yi sallama da shi. Tarihi bai wanke kowa ba. A farkon shekarun 2000 annobar kafasita masu kumbura da zubar da ruwa ta ratsa allunan kamfanoni da dama. A 2023 wasu furosesan Ryzen 7000X3D na AMD sun ƙone a cikin soket saboda wuta da ta yi yawa, ASUS ya sha suka mafi zafi, har AMD ya ƙayyade wutar a kan bolt 1.3. A shekarar ce masu binciken tsaro na Eclypsium suka bankaɗo rauni a manhajar sabunta allunan Gigabyte sama da iri 200, 'yan kutse kuma suka shiga rumbun MSI suka saci makullan sa hannu a manhajarsa. A 2024 ASUS ya nemi afuwa kan yadda sashen garantinsa ke cajin mutane kuɗin gyaran da ba su nema ba. A 2025 kuma rahotannin mutuwar furosesan Ryzen 9000 suka fi yawa a kan allunan ASRock.

Tazarar da ke tsakanin allo mai araha da mai tsada na kamfani ɗaya ta fi wadda ke tsakanin kamfani da kamfani. ASUS na da Prime a ƙasa, TUF a tsakiya, ROG a sama. MSI na hawa daga PRO zuwa MAG da MPG da MEG. Gigabyte na da Aorus a ƙololuwa, ASRock na da Taichi. Don haka ba daga suna ake fara zaɓe ba. Furosesa ake fara tsayarwa, shi zai faɗi soket. Sai cifset, guntun da ke tsara yawan ƙofofi da damar allon: H610 da A620 na aikin ofis ne, B760 da B650 sun wadaci yawancin mutane, Z790 da X670 na masu son matsa wa inji ne. AM5 ba ya karɓar komai sai DDR5, allunan LGA 1700 kuwa wasu na DDR4 ne wasu na DDR5, kuma sandunan biyu ba sa shiga ramin juna. Girma ma abin dubawa ne: ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 kowane gefe, Mini-ITX 170. Kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo da ke cika kasuwar tokumbo sau da yawa suna da allo da akwatin wuta masu siffar kansu, madabod na kasuwa ba ya zama a cikinsu.

Abubuwa biyu sun cancanci ƙarin kuɗi a ƙasa mai zafi. Na farko sashen da ke tace wuta ya miƙa wa furosesa, wanda ke kewaye da soket. Idan babu ƙarfen sanyaya a kansa, furosesa mai ƙarfi zai riƙa rage gudu a zafin Afrilu, ƙurar hunturu kuma ta ƙara toshe iska. Na biyu maɓallin sabunta BIOS da filashi ba tare da an sa furosesa ba, wanda ASUS ke kira USB BIOS FlashBack, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Allunan X79 da X99 masu arahar gaske da ƙananan masana'antun Sin ke haɗawa da tsofaffin cifset, a sayar tare da furosesan Xeon na hannu, suna aiki, amma tallafinsu kaɗan ne, mayar da su kuma wahala. Ƙonewar da ta zo daga hawa da saukar wutar lantarki ko tsawa babu garantin da ke ɗaukarta, don haka kuɗin sitabilaiza ko UPS yana cikin kuɗin madabod.

Idan alluna biyu suka zo da soket ɗaya da cifset ɗaya, wanda ya fi dacewa shi ne na ɗan kasuwar da ake iya zuwa shagonsa, a Computer Village ta Ikeja ne, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, wanda zai yarda a buɗe soket a gabansa, a kunna allon a kan teburinsa, ya kuma rubuta lambar siriyal da kwanakin gwaji a jikin rasit, ko da kuɗinsa ya ɗara na waje.