Kayan Zaƙin Sallah da Masu Ciwon Rikicewar Garkuwar Jiki

A Maikujera, kamar sauran garuruwan ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, ba a cika bikin Sallah sai da kayan zaƙi. Ana daka nakiya da shinkafar fadamar Rima, a tsoma alkaki cikin zuma ko ruwan sukari, a soya dubulan da cincin, sannan a tanadi lemon kwalba domin baƙi. Ga mai lafiya, kwana uku na irin wannan ciye-ciye ba abin tashin hankali ba ne. Amma akwai magidanta da matan aure, 'yan shekara 40 zuwa 60, waɗanda farantin Sallah kan jefa cikin wahala, wato masu ciwon rikicewar garkuwar jiki.

Aikin garkuwar jiki shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta. Wani lokaci takan rikice ta afka wa jikin da ta kamata ta tsare. Idan ta kama gaɓɓai, sai yatsu da wuyan hannu su kumbura su sandare, musamman da safe. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda ya fi kama mata. Idan ta taɓa fata da ƙoda da jini, likitoci na kiran ciwon lufus, kuma tara cikin goma na masu shi mata ne. A 1968 Dakta Brian Greenwood ya ba da rahoton cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a Asibitin Koyarwa na Ibadan, amma daga baya likitocin Nijeriya sun riƙa samun su fiye da yadda aka zata.

To, ina ruwan sukari da su? Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014, wanda ya bi lafiyar dubban ma'aikatan jinya mata, ya nuna cewa masu shan lemo mai sukari kullum sun fi sauran haɗarin kamuwa da wani nau'in amosanin gaɓɓai da kashi 63 cikin 100. Wannan sakamakon ɗabi'ar shekaru ne. Haɗarin da ke tattare da kwanakin Sallah kuwa yana ɓoye ne a cikin maganin da majinyacin ke sha.

Tun 1948, lokacin da Dakta Philip Hench ya fara ba mai amosanin gaɓɓai kotizon a Amurka, dangin wannan magani, irin su firednisolon, suka zama abin dogaro wajen kwantar da kumburi. Sai dai suna sa hanta ta ƙara zuba sukari cikin jini, suna rage ƙarfin aikin insulin, suna kuma buɗe ciki. Wanda ya sha ƙwayarsa da safe, sukarin jininsa yakan fi hawa daga azahar zuwa dare, daidai lokacin yawon Sallah. Saboda haka ne gwajin da aka yi da sassafe kan iya nuna lafiya lau alhali matsalar na nan. Alamominta su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, kasala da dishi-dishin gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da wajen giram 35. Zuma da mazarƙwaila su ma suna cikin lissafin. Wanda ya shiga gida huɗu gaisuwa, aka ajiye masa lemo da alkaki a kowanne, ya ninka wannan iyaka tun kafin magariba. Kunya kuwa takan hana baƙo mayar da abin da aka miƙo masa.

Abin yi mai sauƙi ne. Majinyaci ya ɗanɗana kaɗan bayan cin tuwo da miya, ya zaɓi ruwa ko zoɓo marar sukari, ya kuma nemi a auna jininsa da rana bayan cin abinci. Kada ya yanke shan firednisolon farat ɗaya don tsoron sukari, domin jikin da ya saba da shi na iya faɗawa cikin mummunan hali. Likita ne ke rage shi sannu a hankali. Haka kuma sayen irin wannan ƙwaya a kemis ba da iznin likita ba ganganci ne. Wanda gaɓɓansa suka yi makonni suna kumburi ya je asibiti mafi kusa, inda za a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Ɗalibai na da rawar takawa a nan, tunda su ake aika da kwanon Sallah. Ɗalibin da ya san gwaggonsa ko kawunsa na shan irin wannan magani yana iya roƙon a rage alkaki a ƙara gyaɗa da nama a kwanonsu, ya kuma bayyana wa mutanen gida dalili.