Shirin Musamman: Yi wa Waya Rutin, Riba ko Kasada?

Yau shirin namu zai duba abin da masu gyaran waya ke kira rutin, wato buɗe wa mai wayar Android cikakken iko a kan tsarin da ke tafiyar da ita. Android tamkar gidan haya ne: kowace manhaja da ɗakinta, ba ta leƙa na maƙwabciyarta. Wanda ya yi rutin ya karɓi mabuɗin duka ɗakunan, kuma duk manhajar da ya miƙa wa mabuɗin nan ta samu irin ikonsa.

Masu sha'awar rutin suna da hujja. Da shi ake goge manhajojin da kamfani ya cusa wa waya, masu cinye wuri da batir, a kuma toshe tallace-tallace. Wayar da kamfani ya daina sabuntawa kuwa, in aka buɗe ta, ana iya ɗora mata wani tsarin irin LineageOS, wanda ya gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016. Sai dai aikin waya ya canza. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ɗimbin 'yan kasuwa a Kano da Kaduna ta waya suke biya, ta waya ake biyansu. A cikinta manhajar banki take, a cikinta lambar tabbatar da tura kuɗi ke sauka. Muguwar manhaja guda, in ta samu ikon rutin, tana iya karanta duk wannan. Shi ya sa manhajojin banki da dama ke ƙin buɗewa a wayar da aka yi wa rutin, kuma Google ya tanadi Play Integrity don manhaja ta gane wayar da aka taɓa tsarinta. A wayoyin Samsung ma, da zarar an ɗora tsarin da ba na kamfani ba, alamar tsaro ta Knox kan sauya har abada, ma'ajiyar sirri ta Secure Folder ta daina aiki ko da an mayar da komai yadda yake.

Wani zai ce, ai da kuɗina na sayi wayata, wa zai hana ni? Babu mai hana ka, haƙƙinka ne. Amma ka sani buɗe wayar kan goge duk abin da ke cikinta, garanti na iya faɗuwa, kuskure ɗaya wajen ɗora mata sabon tsari na iya hana ta tashi. Wani kuma zai ce ana iya ɓoye rutin da taimakon manhajar Magisk, da John Wu ya ƙirƙira. Ɓoyewar ba ta mayar da kariyar da aka cire, kuma Google na ci gaba da tsaurara bincikensa.

Saboda haka, ɗalibin da ke son sanin cikin waya ya nemi tsohuwa wadda babu asusun banki a kanta, ya gwada son ransa; haka ake zama gwani. Wayar da ke riƙe da jarinka kuwa, bar ta yadda kamfani ya rufe ta, ka riƙa sabunta ta, manhajar da ta dame ka ka dakatar da ita daga saituna.