Me Ya Sa Noman Cikin Na'ura Yake da Daɗi?

Ya kai ɗalibi, ko ka taɓa ganin yaron Malali ko Kawo, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya duƙufa yana shuka a cikin wayar salula? Irin wannan wasa ya yi fice ne tun 1996, lokacin da Yasuhiro Wada, ɗan karkarar Japan da ya koma birnin Tokyo, ya fito da Harvest Moon. A 2016 kuma Eric Barone na Amurka ya fitar da Stardew Valley.

Sirrin abin shi ne rage jira. Manomin Kaduna yakan shuka masara da faɗuwar damina, ya jira wata uku ko huɗu cikin fargabar fari, tsutsa da tsadar taki. A Stardew Valley kuwa, yini guda kimanin minti 14 ne, wani amfanin ma yakan nuna cikin yini huɗu. Ita ƙwaƙwalwa tana son lada na kusa, sinadarin dofamin kuma yana zuga ta ta maimaita aikin da ya biya.

Wasan yana hutar da zuciya, yana koyar da lissafin riba, amma fa ba ya cika rumbu. Don haka malamai, a haɗa shi da gonar makaranta.