Kafin ki ci bashin sabon murhu, leƙa ɗakin uwar mijinki

Ranar zubi ce, muna zaune gindin dogon yaro an buɗe akwati, sai wata ƙanwarmu ta ɗaga hannu tana neman bashi. Sana'arta gato da cincin na biki da suna. Ta ce ta gaji da gashi cikin tukunya da yashi, garwashi sama garwashi ƙasa, rabi ya ƙone rabi bai nuna ba. So take ta sayi babban murhun gas mai baki huɗu da tanderu a ƙasa, wanda ƴan boko ke ce ma kwizinyar. Da ta faɗi kuɗin, ma'ajiya ta dube ni na dube ta. Abin da ta nema ya kusa rabin abin da ke cikin akwati, ga damina ta matso, mata huɗu na jiran kuɗin iri da taki. Hana ta kuma ba daɗi, don ba ta taɓa fashin zubi ba.

Muna cikin juya maganar sai wata tsohuwa cikinmu ta ce, "Ke ɗiyata, ba irin shi ne ke ɗakin uwar mijinki ba, wanda anka jera kwanoni a kai?"

Ashe kuwa shi ne. Marigayi uban mijinta ya yi aiki a masana'antar siminti ta Malbaza, ya saye shi hannun wani Bature da zai koma gida. Tun da Allah ya yi mishi rasuwa ba a sake kunna shi ba. Ya zama kabad, samiru a sama, tanderun cike da zannuwa da turaren wuta. Yarinyar nan shekara takwas tana shiga ɗakin gaisuwa, ba ta taɓa kallon shi a matsayin murhu ba. Da ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, ki ara mini abin nan in gwada," tsohuwar ta ce ta ɗauka, amma in ya tashi gato na farko nata ne.

Ni na raka ta wurin mai gyara a Ƙonni, bisa amalanke munka kai shi. Na ja kujera na zauna har ya gama, don ina son in kawo muku abin da idona ya gani. Ƙarfen jikinshi mai kauri ne, ba irin na yanzu da ake lotsawa da yatsa ba. Abin da ya hana shi aiki datti ne kawai. Zanzaro ya yi gida cikin bututu biyu, kyankyasai sun cika sauran, tsohon mai ya daskare a ramukan da wuta ke fitowa.

Ga yadda abin yake. Ƙarƙashin kowane baki akwai wani ɗan kan tagulla mai rami kamar idon allura, masu gyara na ce mishi jiklar. Ta nan gas ke fitowa da ƙarfi, ya jawo iska, su gauraya cikin bututu kafin su kai wurin wuta. In iskar ta wadata wuta za ta fito shuɗiya, ba hayaƙi. In kinka ga wuta ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunya, to iska ce ba ta isa ba, ko hanya ta toshe, ko ramin ya yi faɗi. Maganin toshewa a kwance a jiƙa cikin ruwan ɗumi da sabulu, a goge da tsohon buroshin haƙori, a hura, a bar shi ya bushe sarai.

Abin da ba a yi shi ne soka allura ko ƙusa cikin ramin. Wannan ni na biya kuɗin koyon shi. Shekarun baya ƙaramin murhuna ya rage ƙarfi, wani yaro mai gyara ya ce aikin minti biyu ne, ya ɗauki allura ya buɗa ramin. Wuta ta taso har tana lasar marfin tukunya, ni kuwa ina ta murna. Sati bai cika ba tukwanena duk sun yi baƙi ƙirin, gas ɗin da ke kai ni wata guda ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ramin da anka buɗa ba ya komawa, sai sayen wani.

A nan zan ja kunnen masu sayen na hannu, waɗanda ake kawowa daga Turai ta Kwatano da Lome. Da yawansu an daidaita su ne da gas ɗin da ke zuwa gidaje ta bututu a can, ramin jiklar ɗinsu ya fi faɗi. Namu na tukunya, wanda ya yawaita tun da anka buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a ƙarshen 2011, ƙaramin rami yake so. Kafin ki biya ki sa a haɗa a kunna a gabanki. In wuta ta fito doguwa ja, sai an canza kawunan duka har da na tanderu, ki sa wannan cikin ciniki.

Abu biyu ne mai gyaran ya ce ba ya taɓa lallaɓawa, ya jefar munka sayi sababbi: tiyo, da kan da ake ɗaurawa bisa tukunyar gas. Roba tana tsufa ko ba a aiki da ita, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta ta. Tiyon gas na ƙwarai akwai shekarar da zai ƙare rubuce a jikinshi, ki sa ɗan makaranta ya karanta miki in idonki bai kai ba. Bayan ya haɗa ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, inda ke yoyo sai ki ga kumfa na tasowa. Ba a neman yoyo da ashana, don Allah a gaya ma yara. Gas ɗin ga ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, in kinka ji warinshi ki rufe tukunya ki buɗe ƙofa, kada ki taɓa ko makunnin lantarki. Tsohon tanderu kuma ba ya yanke gas da kanshi in wuta ta mutu. Ki buɗe ƙofarshi, ki ƙyasta ashana tukuna sannan ki murɗa. In bai kama ba ki rufe ki jira iska ta share.

To sai agogo, wanda shi ya fi ba ni sha'awa. A goshin murhun akwai wani maɓalli da lambobi zagaye da shi har 60. Mai murhun ta ɗauka na ƙara wuta ne da ya lalace. Mai gyaran ya ce wannan ba aikinshi ba ne, ya kwance ya ba mu cikin leda, ya tura mu wurin wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa. Dattijon ya ce rabon da a kawo mishi agogo mai wani har ya manta, yanzu batiri kawai yake canzawa. Sai ga shi ya gyara zama ya sa gilashi a ido yana murmushi kamar an kawo mishi jika.

Ya buɗe ya nuna mana. Ba batiri, ba wuta. Akwai siririn ƙarfe naɗe kamar gammo, in kinka murɗa maɓalli shi kike matsewa. Yana son ya warware lokaci guda, sai wasu ƴan ƙafafu masu haƙora su riƙe shi, wani ɗan zobe mai kai da komowa yana sakin haƙori ɗai-ɗai. Wannan ne tik-tik da kike ji. In maɓalli ya dawo kan sifiri sai ɗan guduma ya kama dukan ƙararrawa. Na tambaye shi, "Baba, ba cewa ake yi yawan wani ke kashe agogo ba?" Ya ce galibi ba haka ba ne, tsohon mai ne ke haɗuwa da ƙurar hunturu ya zama danƙo, agogo ya tsaya alhali a wane yake, mutane su ɗora ma wani laifi. Ya wanke, ya ɗiga man agogo da bakin tsinke, ɗigon da ido da ƙyar ke gani. Ya ce kada mu kuskura mu zuba man gyaɗa, shi ne ke kashe su murus.

Ya koya mana wata dabara da ni ban sani ba. In minti 20 kike so, ki fara murɗawa har ƙarshe, sannan ki dawo da shi kan 20. Haka ƙararrawar ke samun ƙarfin bugawa sosai. In kinka tsaya kan 20 kai tsaye, wani lokaci ɗan ƙyas zai yi ki kasa ji. A tuna kuma wanga agogo kira kawai yake yi, ba ya kashe wuta.

Duka gyaran, da tiyo da kai da kuɗin amalanke, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta nema ba. Shi munka ba ta, mata huɗun nan kuma sunka samu na irinsu.

Na san yawancinmu, daga Galmi har Badagishiri da ƙauyukan Illela, da icce da kara muke dahuwa. Maganar duk ɗaya ce. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi da na laka Albarka sun bazu ne cikin shekarun 1980, bayan fari da taron Maraɗi na 1984 kan yaƙi da hamada, kafin ma a fara Mata Masu Dubara a 1991. Sirrin Mai Sauƙi shi ne tukunya ta nutse ciki, tsakaninta da bango ya zama ɗan siriri, shi ya sa kowace tukunya da lambar murhunta. In gindi ya huje ko ƙafafun da ke riƙe tukunya sunka karye, maƙeri zai sa sabo da ƙarfen tsohuwar ganga, amma ki kai mishi tukunyar ya gwada. Kuma mu daina kashe wuta da ruwa cikinshi. Mu da muke tace toka mun san abin da ruwanta ke yi, haka take cin ƙarfe. Albarka kuwa in ya tsage, laka da kashin jaki da ƙaiƙayi, a jiƙa wurin a shafe tun tsagar ba ta yi baki ba.

Risho ba zan daɗe kanshi ba, tsadar kananzir ta sa da yawa sun rataye nasu. Wadda ke da shi ta canza lagwani, ta datse su kai ɗaya, ta goge ƙarafan nan masu huji. Ta san kuma hannun wanda take sayen kananzir, don mu nan bakin iyaka ne, wanda anka gauraya da fetur fashewa yake yi.

Gaton farko an kai ma Inna kamar yadda anka yi alkawari, ta ce sukari ya yi yawa, ta cinye. Ni kuma da na koma gida na binciko agogon teburi mai ƙararrawa biyu da ke cikin kayan ɗakina tun aure, na kai ma dattijon nan. Yanzu shi nake zuwa da shi wurin zubi, in wana shi in ajiye bisa akwati. In ya buga ƙarfe huɗu, wadda ta shigo bayan nan tara ta hau ta. Satin farko ma'ajiyarmu ce ta biya.