KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO: JAN WAYAR LANTARKI A ƊAKUNAN SANA'A NA YOLA DA JIMETA

DUK wanda ya zaga unguwannin Jimeta, kamar su Jambutu da Doubeli da Luggere da Nasarawo, ko kuwa ya nufi cikin garin Yola wajen Wuro Hausa da Shagari, zai lura da yadda magidanta suke fasa katangar gida su fitar da ɗaki guda mai fuskantar titi domin sana'a. Wani tela ne, wani kafinta, wani mai walda, wani kuma injin markaɗe ya kafa wa iyalinsa. Wannan abin yabawa ne ƙwarai, domin kuɗin hayar shago a bakin kasuwa ya fi ƙarfin mutane da yawa, kuma sana'ar da ke ƙofar gida ita ce yara suke tashi su tarar, su koya.

Amma fa akwai wani abu da ke tafe tare da wannan himma, wanda ya kamata a tsaya a dube shi da idon basira. Da yawa daga cikin masu irin wannan gini, in sun biya magini da mai rufin kwano, aljihu ya yi sauƙi, sai su ga ai jan wayar lantarki ba wani abu ba ne. Mutum ya taɓa canja ƙwan fitila, ya taɓa gyara soket, saboda haka sai ya sayo waya da salatif, ya jono wuta daga ɗakin kwanansa, ya zarga ta cikin silin zuwa sabon shagon. Ya kunna, fitila ta kama, shi ke nan a wurinsa aiki ya yi kyau. Alhali kuwa kamawar fitila ba ta nuna komai sai dai cewa wuta ta iso. Ko wayar za ta iya ɗaukar kayan da za a ɗora mata, ko kuma akwai abin da zai tsare ran mai aiki in inji ya lalace, wannan fitila ba ta san shi ba.

SHAGO DABAM, ƊAKIN KWANA DABAM

Wutar da kamfani yake kawowa gidaje a Nijeriya ƙarfin turinta bolt 230 ne. Yawan wutar da ke bi ta cikin waya ana auna shi da amfiya, cin wutar kowane inji kuma da wat, kuma akan rubuta shi a jikin injin. Lissafin ba shi da wuya: a raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya. Dutsen gugar tela mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da ɗoriya. Zarton lantarki mai wat 1,500 yana jan kusan amfiya 6 da rabi. Ƙaramin injin walda kuwa yakan ja amfiya 20 ko fiye yayin da ake ɗinkin ƙarfe. Bugu da ƙari, injin markaɗe da sauran masu babbar mota a ciki, a daidai lokacin da aka tashe su sukan fizgi wuta ninki biyar ko shida na abin da suke ci in sun daidaita.

To, wayar da aka ja wa ɗakin kwana an ja ta ne saboda ƙwai biyu da fanka da rediyo. Galibi siririya ce, mai lamba 1.5, wadda aikinta ke nan, watau fitilu. Soket yana bukatar mai lamba 2.5, manyan injuna kuma mai lamba 4 ko 6, kowane da layinsa na kansa tun daga akwatin raba wuta. Haka nan fulogi mai ƙafa uku da aka saba da shi iyakarsa amfiya 13, watau wajen wat 3,000. Wanda ya soka injin walda a cikinsa, ko kuma ya yanke fulogin ya cusa tsirarar waya da tsinken ashana, ya ɗora wa soket abin da ba a yi shi dominsa ba.

Jaki in an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa sai ya durƙusa, mai shi ya gane ya rage. Waya ba ta durƙusawa. Tana ɗauka ta yi shiru, sai dai ta yi zafi, robar da ke jikinta ta bushe, ta tsattsage, har ranar da waya biyu za su haɗu a cikin silin inda babu mai gani. Sau da yawa wannan rana takan zo ne watanni ko shekaru bayan an gama aikin, lokacin da mai gida ya riga ya sakankance.

ZAFIN YOLA MA YANA CIKIN LISSAFI

Mutanen kwarin Binuwai ba su bukatar a gaya musu zafin bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Yola yakan haura digiri 40, tsakanin kwano da silin kuwa abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Wannan yana da alaƙa da waya kai tsaye. Jadawalin da masana suke dubawa don sanin abin da kowace waya za ta ɗauka an tsara shi ne bisa zafin wuri na digiri 30, ita kuma robar wayar gama-gari iyakar juriyarta digiri 70. In zafin wurin ya kai digiri 40, sai a rage kashi 13 cikin ɗari daga abin da wayar za ta ɗauka. In ya kai digiri 50, ragin ya kusa kashi 30. Watau waya mai lamba 2.5 da ke iya ɗaukar amfiya 24 cikin bututu a wuri mai sanyi, a ƙarƙashin kwanon Jimeta da tsakar ranar Afrilu ba ta wuce amfiya 17. Wanda ya kwaikwayi abin da ya gani a wayar salula daga wani ma'aikaci na Ingila, bai sa wannan a lissafi ba, ya kwafi ma'aunin da ba na garinsu ba.

Daɗin daɗawa, akwai matsalar raunin wuta. A unguwar da taransifoma ɗaya take ɗauke da gidaje fiye da kima, wuta takan zo ƙasa da yadda ya kamata, musamman da yamma. Mutane da yawa suna zaton raunin wuta ba ya cutarwa, amma ga injin markaɗe da firji akasin haka ne, domin in turin ya ragu sai injin ya ƙara jan amfiya, ya yi zafi shi da wayarsa.

Sai kuma ingancin wayar kanta. Ana samun jabu a kasuwa: wata kaurinta bai kai lambar da aka buga a jikinta ba, wata kuma gorar ruwa ce aka shafe bayanta da jan ƙarfe. Gorar ruwa ba ta kai wuta kamar jan ƙarfe, abin da take kaiwa bai wuce kashi 61 cikin ɗari na nasa ba, kuma takan saki a wurin ɗauri. In aka kankare bakin waya da wuƙa aka ga fari a ciki, to, a ajiye ta. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana da hatiminta a kan wayoyin da ta amince da su, kuma masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

ABIN DA KE TSARE WAYA, DA ABIN DA KE TSARE RAI

Kuskure mafi girma da ake yi shi ne zaton cewa fis ko bireka yana kare mutum. Aikin bireka shi ne ya katse wuta in ta fi ƙarfin waya, domin kada ta kama. Bireka mai amfiya 20 ba zai motsa ba sai wuta ta wuce wannan adadi. Jikin ɗan Adam kuwa abin da zai halaka shi kaɗan ne ainun. In aka raba amfiya ɗaya gida dubu, wajen kashi 10 zuwa 15 sun isa su ƙanƙame hannu ya kasa sakin ƙarfe, kashi 50 zuwa 100 kuma suna iya rikita bugun zuciya. Ashe ke nan wuta tana iya kashe almajirin kafinta a gindin inji, bireka na nan zaune bai ko girgiza ba.

Abu biyu ne suke tsare rai. Na farko wayar ƙasa, watau waya ta uku wadda ake ɗaure wa jikin kowane inji na ƙarfe, a kai ta ga sandar da aka kafa cikin ƙasa, domin in wuta ta ɓalle ta taɓa jikin injin ta sami hanyar wucewa wadda ba ta jikin mutum ba. Masu aikin gaggawa sukan watsar da ita saboda fitila tana kamawa ko babu ita. Kuma kafa sandar kaɗai bai wadatar ba, sai an auna da na'ura, domin busasshiyar ƙasar rani ba ta karɓar wuta kamar ta damina. Na biyu shi ne na'urar katse yoyon wuta, wadda ake kira RCD, mai lamba 30. Ita tana lura da wutar da ta fita da wadda ta komo, in ta ga giɓin da ya kai kashi 30 cikin dubu na amfiya sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, wanda ya kamata a riƙa dannawa lokaci lokaci.

Launin waya ma yakan ruɗa wanda bai sani ba. A tsohon tsari ja ita ce mai wuta, baƙa mai mayarwa, kore ta ƙasa. A sabon tsari kuwa mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya mai mayarwa, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. Ana samun duka biyun a gida ɗaya. Wajibi ne makunni ya zauna a kan waya mai wuta. In aka juya, fitila za ta mutu in an kashe, amma wuta tana nan a bakin ƙwan tana jiran mai canja shi.

JANARETA DA RUWA

Babu mai sana'ar da zai dogara da wutar kamfani kaɗai, saboda haka janareta ya zama abokin aiki. Haɗarin shi ne a jona shi da wayar gida ba tare da makunnin sauya layi ba. In aka yi haka, wutar janareta takan koma ta kan falwaya, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin ai an ɗauke wuta. In kuwa aka kawo wuta janareta na aiki, sai ya ƙone, wani lokaci har da shagon. Kuma a waje ake ajiye shi, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Game da ruwa kuma, ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun nuna wa mutanen Adamawa iya inda Binuwai yake kaiwa. Mai gini a unguwar da ke kwari ya kamata ya ɗaga soket sama da teburin aiki, akwatin raba wuta kuma kusa da ƙofa, inda hannu zai kai da sauri. Shagon da ruwa ya shiga, kada a mayar masa da wuta sai ya bushe an auna.

ME DOKA TA CE?

Tun daga zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, ƙa'ida ita ce mai lasin ne yake jan wayar gini. Bayan da aka sayar da kamfanonin raba wuta a 2013, kamfanin YEDC ne yake raba wuta a jihohin Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. A 2015 aka yi dokar kafa hukumar NEMSA, wadda ke ba masu aikin lantarki takardar shaida, tana kuma da ikon duba aiki da gwada shi kafin a sa masa wuta. Mita da wayar da ta taso daga falwaya ba na mai gida ba ne ya taɓa, kuma zagaye mita laifi ne da ake hukunci a kansa.

Wannan ba ya nufin mai gida ya naɗe hannu. Akwai aiki mai yawa da zai yi da kansa ya rage kuɗi. Shi zai zauna ya rubuta dukan injunan da zai yi aiki da su, har da waɗanda yake fatan saye nan gaba, da wat ɗin kowanne. Shi zai nuna inda teburi zai zauna, a sa soket isassu domin kada a riƙa jan waya a ƙasa cikin garin katako da ƙyallaye. Yana iya fafe bango, ya shimfiɗa bututu, ya kafa akwatuna, ya je kasuwa tare da ma'aikacin su zaɓi kaya. Amma lissafin kaurin waya da girman bireka, da ɗauri a cikin akwatin raba wuta, da awon wayar ƙasa, da gwajin ƙarshe, waɗannan na wanda ya koya ne kuma yake da kayan awo. Irinsu ba su yi ƙaranci a Yola ba, garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha da Jami'ar Modibbo Adama. Ba rashin kunya ba ne a ce wa ma'aikaci ya nuna takardarsa, ko a tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi waya kaza.

Daga ƙarshe, kowa a gidan, har mata da yara, ya san inda babban makunni yake. In wuta ta kama waya, a kashe shi tukuna, a zuba yashi, kada a watsa ruwa. In wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu, a kashe makunni ko a ture shi da busasshen itace. In an tashi aiki da dare, a katse wutar shagon gaba ɗaya.

Shagon kasuwa in ya ƙone, dukiya ce ta tafi. Shagon da ke jikin gida kuwa rufinsa ɗaya da ɗakin da yara suke kwana, kuma silin ɗaya ne ya haɗa su. Ladan ma'aikaci na kwana biyu da kuɗin na'urar katse yoyo ba su kai kuɗin keken ɗinki guda ba. Mai gida ya auna wannan da abin da ke bayan bangon, sa'an nan ya yanke shawara. Allah ya kiyaye, amin.