Sophie Germain: Yarinyar da Aka Ɗauke wa Kyandir

A shekarar 1789, da juyin juya hali ya ɓarke a Faransa, titunan birnin Paris ba su shiguwa. Sophie Germain, 'yar wani attajiri mai fataucin siliki, tana da shekara 13, don an haife ta ne ranar 1 ga Afrilu, 1776. Zaman gida ya ishe ta, sai ta kutsa ɗakin littattafan mahaifinta. A can ta ci karo da littafin tarihin lissafi na Montucla, ta karanta yadda wani sojan Rum ya kashe masanin lissafi Archimedes yana duƙe kan zanensa, bai ko ɗaga kai ba. An ce daga ranar lissafi ya shiga ranta.

Iyayenta ba su so ba, domin a zamanin ana ganin wannan fanni ba na mace ba ne. Suka riƙa ɗauke mata kyandir da dare, su kashe wutar ɗumama ɗaki, su kwashe kayan sanyinta. Ita kuwa sai ta ɓoye wasu kyandirorin, ta ƙudundune cikin bargo ta ci gaba da karatu, har tawada kan daskare a kwalba. Da suka ga ba sarki sai Allah, suka ƙyale ta. Da kanta ta koyi Latin domin ta karanta littattafan Newton da Euler.

A 1794 aka buɗe babbar makarantar kimiyya ta École Polytechnique, maza zalla. Sophie ta samo takardun darussan, ta riƙa aika amsoshinta da sunan wani tsohon ɗalibi, Le Blanc. Kyan aikin ya sa malamin, Joseph-Louis Lagrange, ya nemi ganin wannan ɗalibi, sai ga budurwa. Bai kore ta ba, ya ma ƙarfafa mata gwiwa. Da wannan sunan aron ta fara rubuta wa masanin lissafi Gauss na Jamus wasiƙa a 1804, shi ma sai a 1807 ya san mace ce.

Masu ba da labarin sukan tsaya nan su yi tafi, su manta da asarar. Karatun da ba malami yana da giɓi, kuma giɓin ya bi ta. Da Cibiyar Kimiyya ta Paris ta sa gasa kan lissafin girgizar faranti, aikinta na 1811 ya zo da kurakurai, na 1813 yabo kawai ya samu. Sai a 1816 ta ci kyautar, alƙalai kuma suka ce da sauran gyara. Basira ba ta gaza ba. Aji da mai gyara ta rasa, abin da sa'o'inta maza suka samu a sauƙaƙe.

Ta rasu a 1831 sakamakon sankarar mama, ba ta da digiri ko ɗaya. Makarantar da ta hana ta shiga ba ta karɓi ɗalibai mata ba sai a 1972.